ƘAURA DA IYALI: DA MA'AUNIN WA ZA A ZAƁI GARI?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya yalwata ta ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya bar garin haihuwarsa bisa umurnin Ubangijinsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk shekara idan aka gama kaka aka sa hatsi a rumbu, akwai tambayar da ke yawan zo mana a masallatai daga bakin magidanta matasa, tun daga Gidan Rumji da Tsibiri da Cadakori har zuwa Agye da Gazawa. Gonar gado ta rabu gida takwas ko goma, abin da ya faɗo wa mutum ba ya kai shi watanni huɗu, ga mata ga yara ƙanana. Sai ya ce: "Malam, tafiya cin rani ta ishe ni, ina son in ɗauki iyalina in tashi gaba ɗaya. Maraɗi zan nufa, ko Kano, ko arewa?" Mu dai ba mu da sunan garin da za mu ba kowa, domin abin da ya dace da wani bai dace da wani ba. Amma mun lura da kuskure guda da ake ta maimaitawa. Maigida yana auna gari da ƙarfin jikinsa, alhali kuwa nauyin da shari'a ta ɗora masa shi ne ya auna shi da raunin wanda ya fi kowa rauni a gidansa, watau jariri da mai ciki.

Da farko dai mu kawar da wani ruɗu. Barin gari ba laifi ba ne, kuma ba rashin tawakkali ba ne. Suratun Nisa'i, daga aya ta 97 zuwa ta 100, ta zargi waɗanda suka zauna cikin zalunci alhali suna da hanyar fita, ta kuma ɗauke zargi daga raunana, maza da mata da yara, waɗanda ba su da dabara. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin mazhabarmu ta Malikiyya, ya kasa fita daga ƙasa kashi-kashi a cikin Ahkamul Ƙur'an. Daga cikin abin da ya lissafa akwai gudun cutarwa a jiki, da gudun ƙasa mai yawan ciwo, da gudun cutarwa a dukiya. Ya kuma ambaci tafiyar neman abinci ga wanda zama ya gagare shi. Tarihin ƙasarmu ma ya shaida haka. Shehu Usmanu ya tashi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, Katsinawa suka kafa mulkinsu a Maraɗi bayan sun bar Birnin Katsina, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Kusan kowanenmu jikan wani ne da ya taɓa ɗaure kaya.

To amma ku dubi yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya zaɓar wa sahabbansa wuri a hijira ta farko. A shekara ta biyar bayan aike ya tura su Habasha, ƙasar da sarkinta Kirista ne, kuma dalilin da ya bayar shi ne adalcin sarkin, cewa ba a zaluntar kowa a gabansa. Bai ambaci arzikin ƙasar ba. A cikin ayarin akwai ƴarsa Ruƙayya da mijinta Usmanu (R.A.), kuma a can Asma'u bintu Umais ta haifa wa Ja'afar ƴaƴansa. Ashe ke nan aminci shi ne tambaya ta farko ga mai tafiya da mata. Sa'an nan ku tuna abin da ya sami Ummu Salama (R.A.) ranar da mijinta ya ɗora ta a raƙumi tare da ɗansu za su Madina. Danginta suka tare hanya suka ƙwace ta, dangin mijin kuma suka ce ba za su bar ɗansu a hannunta ba, aka yi ta jan yaron har hannunsa ya goce. Miji ya wuce Madina, mata tana wurin danginta, yaro yana wani gida. Kusan shekara guda tana fita bayan gari kullum tana kuka, kafin a tausaya mata a mayar mata da ɗanta. Wannan gida ne na imani, hijirar kuma ta wajibi ce, amma duk da haka nauyinta mafi tsanani a kan uwa da ɗanta ya sauka. Ina ga ƙaurar da muke yi da zaɓin kanmu?

Mu mutanen wannan yanki ba a littafi kaɗai muka karanta irin wannan ba. Tun daga 2019 dubun dubatar ƴan'uwanmu daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetaro iyaka suna gudun ƴan bindiga, mafi yawansu mata da yara, suka sauka a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa. Jama'a suka buɗe musu zaure da rumbu, Allah Ya saka musu da alheri. Daga baya hukumomi da hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka matsar da wasu daga bakin iyaka zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane su ma suna ƙetarowa. Waɗannan bayin Allah ba su sami zarafin zaɓe ba. Wanda Allah Ya ba shi lokacin yin tunani, kuma ya je ya karɓi gona mai araha a dajin da masu ita suka bari don tsoro, to ya binciki dalilin arahar tukuna.

Bayan aminci sai ruwa, kuma a nan za mu daɗe kaɗan, domin darasin a ƙofar gidanmu yake. Daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen shekarar 2000, mutanen Tsibiri sun sha ruwan famfo daga rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwan garau yake a ido, ba shi da wari. Amma akwai wani sinadari a cikinsa da ake kira fulora, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita, shi kuwa na Tsibiri ya zarce haka nesa ba kusa ba. Manya suna sha suna tafiya gona, ba su ga wani abin tashin hankali ba. Yara kuwa, da yake ƙasusuwansu na cikin girma, haƙoransu suka rine, ƙafafun ɗaruruwa daga cikinsu suka lanƙwashe, wasu har yau suna ɗauke da wannan nakasa. An yi shekaru kafin bincike ya gano ruwan ne. Tafasa irin wannan ruwa ba ta raba shi da sinadarin. Da a ce wani baƙo ya zo Tsibiri a wancan lokaci ya sha moɗa guda, da ya koma gida ya ce ya sami gari mai famfo. Saboda haka idan ka je duba gari, kada ka tsaya ga ɗanɗanon bakinka. Ka dubi haƙoran yaran unguwa da ƙafafunsu da cikkunansu, ka tambayi mata nisan rijiya a watan bazara, ba a watan da tafki yake cike ba.

Magabata ba su raina wannan bincike ba. Sa'ad da Sayyidina Umar (R.A.) ya ga launin jikin mutanen da suka zo masa daga Mada'in ya sauya, ya gane iskar wurin ba ta karɓe su ba, sai ya umurci Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya nemi wani wuri, aka aiki Salmanu da Huzaifa su duba, daga nan aka kafa Kufa a shekara ta 17 bayan hijira. Ibnu Khaldun ma a Muƙaddimarsa ya lissafa tsaro da kyawun iska da kusancin ruwa da makiyaya da gonaki da itacen wuta a cikin abin da ake dubawa kafin a kafa gari. Mu ƙara da tudu da kwari. Tsohon garin Maraɗi a cikin fadama yake, ambaliyar Gulbi ta 1945 ta rushe shi, shi ya sa aka koma kan tudu. Har yau fili mafi araha a gefen birni sau da yawa shi ne hanyar ruwa, kuma da rani ake sayar da shi.

Akwai kuma ruɗin kasuwa. Mutum ya shiga birni ya ga buhuna jibge, sai ya ɗauka yunwa ba ta shiga nan. A 2005 kasuwannin jihar Maraɗi ba su rasa hatsi ba, kuɗin saye ne ya gagari talaka, kuma a shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jiharmu. A ƙauye mai tiya biyu yana iya ara wa maƙwabcinsa ɗaya, ga tafasa da rama a bayan gida. A birni kuwa ruwa saye, itace saye, ɗaki haya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda kuma ya nufi Nijeriya ya sa a lissafinsa cewa an rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta a 2023, kuma darajar naira ta faɗi ƙwarai a 2023 da 2024. Gauro yana iya bin hanyar daji ya dawo gida, mai jego ba ta iyawa. Ba kuma za mu manta da mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba 2013 ba, 52 daga cikinsu yara ne, mafi yawansu daga yankin Kance. Allah Ya jiƙansu.

Yanzu sai haƙƙin matar, wanda yawancinmu ba ma ko tambaya a kansa. Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 ta ɗora wa miji samar da mazauni gwargwadon halinsa. Malaman Malikiyya sun yarda miji ya tafi da matarsa wani gari, amma da sharuɗɗa: hanya ta zamanto amintacciya, shi kansa ya zamanto abin amincewa a kanta, garin ya zamanto wanda hukunci ke gudana a cikinsa yadda za ta sami inda za ta kai kuka, kuma labarinta kada ya yanke daga danginta. Wayar salula ta sauƙaƙa sharaɗin ƙarshe, amma waya ba ta yin wankan jego, ba ta riƙe yaro idan uwa ta kwanta ciwo. Yarinyar da aka raba da uwarta da gwaggonta aka kai ta ɗakin haya a unguwar da ba ta san kowa ba, miji ya fita tun asuba sai dare, ta rasa abin da ba a saye a kasuwa. Shawara da ita ba gazawa ba ce, domin ita Ummu Salama ɗin nan ce Manzon Allah (S.A.W.) ya karɓi shawararta ranar Hudaibiyya.

Idan kuma aure ya riga ya mutu akwai ƴaƴa a tsakani, to ƙaura tana taɓa hukuncin reno. A mazhabarmu uwa ce ke da haƙƙin renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. Amma idan ɗayan iyayen zai tashi da niyyar zama a wuri mai nisan baridi shida, watau mil 72, kimanin kilomita 120 ko fiye, hukuncin yana iya sauyawa, da sharaɗin amincin hanya da na wurin. Daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, da yake kimanin kilomita 50 ne, bai kai wannan nisa ba, zuwa Kano kuwa ya wuce. Wannan magana ce ta gaban alƙali. Kada wani ya karanta wannan darasi ya je ya fizge yaro daga hannun uwarsa ya ce malamai sun faɗa.

Wanda kuwa noma zai kai shi sabon wuri, to ya rubuta cinikinsa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Tun 1993 ƙasarmu take da dokar tsarin karkara, kuma akwai kwamitocin filaye da ke ba da takardar saye ko jingina ko aro. Baƙo shi ne farkon wanda ake tasa idan magada suka taso. Ya kuma tambayi inda burtali ya bi da inda mashaya take kafin ya sa gatari. Dattawanmu ba su manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a watan Oktoba 1991, mafi yawansu mata da yara.

Larabawa suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida, mu kuma muna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kai da ka girma, halinka ya riga ya kafu. Ɗanka mai shekara huɗu kuwa harshen unguwa zai ɗauka, da wasanninta da zaginta. Annabi Ibrahim (A.S.) da ya ajiye Hajara da jaririnta a kwarin Makka bisa umurnin Allah, abin da ya fara ambata a addu'arsa shi ne tsai da salla, sa'an nan zukatan mutane su karkata gare su, sa'an nan abinci. Masallaci da makarantar allo da ta boko, da mutanen da za su tsawata wa yaronka idan ba ka nan, duk suna cikin lissafi. Haka kuma tsofaffin da za ka bari a gida, a san wanda zai ɗauki nauyinsu kafin ka tashi.

Shawararmu ga mai wannan niyya ita ce ya yi salla raka'a biyu ta istihara kamar yadda ya zo a hadisin Jabir, ya nemi shawarar wanda ya zauna garin da iyali, ba wanda ya je shi kaɗai ya dawo da babur ba. Sa'an nan ya tafi da ƙafarsa, gani ya kori ji. In da hali ya je cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, hanyoyi suka yanke. Ya kwana a unguwar, ya ga ko ana fita sallar asuba ba tare da tsoro ba. Da safe ya taka daga ƙofar gidan da zai kama har zuwa asibiti mafi kusa, yana ƙidaya lokacin da tafiyar za ta ci idan da dare ne, ana ruwa, kuma yana saɓe da yaro mai zazzaɓi.