Daga Yanyawa Zuwa Gidan Talabijin

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: mene ne ma'anar Fox, da yake ji a ƙwallo da talabijin?

To Malam, asalinta sunan dabba ne a Turanci, dangin yanyawa. Turawa sun ɗora mata wayon da mu muka ɗora wa dila a tatsuniya, shi ya sa suke kiran mai dabara da sunanta. Haka aka yi wa Janar Erwin Rommel na Jamus laƙabi da Yanyawar Hamada, saboda yadda ya wahalar da sojojin Birtaniya a Arewacin Afirka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A ƙwallo kuwa, laƙabin Leicester City ne, wadda ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, shekarar da Ahmed Musa ya koma can. Kan dabbar ne ma a tambarinta.

Amma Fox News, wadda Rupert Murdoch ya kafa a 1996, ba ruwanta da dawa. Sunan mutum ta gada, William Fox, wanda ya kafa kamfanin fim a Amurka a 1915.