Darasi: Kalmar "Basila" a Babin Zakkar Amfanin Gona

Mai karanta sharhohin Muktasar na Shehu Halilu zai ci karo da kalmar "basila". Ita ce koren waken nan mai ƙwaya kewayayya, wanda a ƙasarmu ake nomawa da ban ruwa lokacin sanyi. Malaman Malikiyya sun lissafa ta cikin ƙuɗuniyya bakwai, tare da himmas, ful, adas, turmus, julubban da lubiya, wato wakenmu na gida.

Waɗannan bakwai jinsi guda ne a zakka, ana haɗa su a cika nisabi, wato sa'i 300 na busasshiyar ƙwaya. Manomin Rimin Gado da ya samu sa'i 200 na wake da 100 na basila, zakka ta hau kansa, muddin ya shuka basilar kafin ya girbe waken. Zai fitar da ushiri daga waken damina, sa'i 20, da rabin ushiri daga basilar da ya shayar da inji, sa'i 5. Gero da dawa kuwa, kowanne da nisabinsa.

Saboda haka muna roƙon kwamitocin masallatai su riƙa tambayar manomi lokacin shuka da na girbi kafin su yi masa lissafi.