Kafin Ka Taɓa Tsohon Baldur's Gate

Idan Baldur's Gate 3 na 2023 ne ya ja hankalinka zuwa wasannin kwamfuta na jarumai da matsafa, tsofaffin ma sun cancanci lokacinka. Sai dai kada ka fara da na 1998, domin kerkeci ɗaya zai iya kashe matsafinka tun a farkon tafiya. Fara da Baldur's Gate II na BioWare, na 2000, a sabuntaccen bugun Beamdog na 2013. Tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa.

Lura da lambar sulke: gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon kariyarka. Ka riƙa tsayar da faɗa kana ba kowane jarumi umarni, kana adana wasanka a kai a kai.

In labari ka fi so, nemi Planescape: Torment na 1999, muddin za ka jure dogon karatun Turanci.