Darasin Kimiyya: Ƙwaƙwalwar Kwamfutar Tebur Da Ta Saba, Wacce Ta Fi?

Yanzu kwamfuta ta shigo karkara. Ana buga takarda da ita a shagon bakin kasuwa, ana cike wa yara fom ɗin jarrabawa, ƙungiyoyin manoma ma suna ajiye lissafinsu a cikinta. Amma mutane da yawa in sun je saye, girman lamba kawai suke dubawa. Mai kanti ya ce wannan ta fi lamba, sai su biya. Darasinmu na wannan wata zai koya mana karanta lambobin nan, don kada kuɗin mutum ko na ƙungiya su tafi a banza.

Mece ce furosesa?

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan falle da ke yin dukkan lissafi. Sunansa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamfanin Intel na Amurka ya fitar da wata ƙarama mai suna 4004 a shekarar 1971. Tana da ƙananan makunnai 2,300 da ake kira taransista. Na yanzu kuwa suna da biliyoyi.

Za mu duba iri biyu. Na farko shi ne na kwamfutar tebur, wadda mutum ɗaya ke zama gabanta ya yi aiki. Na biyu shi ne na saba, wadda wasu ke kira uwar garke. Saba babbar kwamfuta ce da ke yi wa dubban mutane aiki lokaci ɗaya. In ka tura kuɗi a wurin mai POS, ko ka duba sakamakon jarrabawar JAMB a waya, saba ce ta amsa maka daga nesa. Intel na kiran furosesarsa ta tebur Core, ta saba kuma Xeon. Kamfanin AMD na kiran ta tebur Ryzen, ta saba kuma EPYC.

Lambobi huɗu da za ka duba

1. Ƙwayoyi. Furosesa ɗaya tana da ƙwayoyi a ciki, masu sayarwa na ce musu kor. Kowace ƙwaya kamar ma'aikaci ɗaya ce a gona.

2. Sauri. Ana auna shi da gigahaz, ana rubuta GHz. Gigahaz 1 bugu biliyan 1 ne a daƙiƙa ɗaya. Wannan shi ne zafin hannun ma'aikacin.

3. Ma'ajiya. Ita ce RAM, inda ake ajiye aikin da ake kan yi. Hanyoyin shiga cikinta kamar ƙofofin rumbu ne. In ma'aikata suna da yawa ƙofa kaɗan, sai a yi layi.

4. Wuta. Ana auna ta da wat. Lambar tana nuna kimanin wutar da furosesa ke ci da zafin da take fitarwa.

Mu jera biyu mu gani

Ga biyu daga gida ɗaya. Kamfanin AMD ne ya fitar da su a shekarar 2022, kuma ƙirar ƙwayoyinsu ɗaya ce.

Ta tebur, Ryzen 9 7950X: ƙwayoyi 16, iyakar sauri gigahaz 5.7, hanyoyin ma'ajiya 2, wat 170. Kuɗinta lokacin da ta fito dala 699.

Ta saba, EPYC 9654: ƙwayoyi 96, iyakar sauri gigahaz 3.7, hanyoyin ma'ajiya 12, wat 360. Kuɗinta lokacin da ta fito dala 11,805.

Ku lura da kyau. Ta saba ta ninka ta tebur sau 6 a yawan ƙwayoyi, ta ninka ta kusan sau 17 a kuɗi. Amma kowace ƙwaya ta ta tebur ta fi ta saba sauri. Me ya sa? Dalili shi ne zafi. Ƙwaya in ta ƙara gudu sai ta ƙara cin wuta, ta ƙara zafi. In aka sa ƙwayoyi 96 suka yi gudu irin na ta tebur gaba ɗaya, zafin zai fi ƙarfin abin sanyaya su. Saboda haka aka rage musu gudu, aka ƙara musu yawa.

Haƙar rijiya da aikin gayya

To, wacce ta fi aiki? Amsar tana ga irin aikin.

Ku tuna haƙar rijiya. Mutum ɗaya ne ke shiga ƙasa ya yi haƙa. Ko ka tara ƙarti 96 a bakin rijiya, ramin ba zai ɗauke su ba. Abin da kake bukata shi ne mahaƙi mai zafin hannu. Yawancin aikin shago da ofis haka yake: buga wasiƙa, buɗe shafin intanet, cike fom. Ƙwaya ɗaya ko kaɗan ne ke yin sa, sauran suna zaune. A nan furosesar tebur ce ke gaba.

Yanzu ku tuna noman babbar gona. Kowa ya kama kunyarsa, yawan hannu shi ke gama aiki kafin azahar. Aikin banki da na kamfanin waya haka yake. Mutum dubu sun aiko da bukata a daƙiƙa ɗaya, kowace bukata daban take, ana iya raba su ga ƙwayoyi. A nan furosesar saba ce ke gaba, ta tebur ba za ta kamo ƙafarta ba.

Abin da ya sa ta saba ke da tsada

Ban da yawan ƙwayoyi, an yi ta don ta yi aiki dare da rana ba hutu. Tana aiki da wata ma'ajiya mai suna ECC, wadda ke gane ƙaramin kuskure ta gyara shi da kanta. Yawancin kwamfutocin tebur ba su da wannan. A banki, kuskuren lamba ɗaya na iya canza kuɗin mutum, shi ya sa ba a wasa da ita. Haka kuma ana iya haɗa EPYC 9654 guda biyu a cikin saba ɗaya, ƙwayoyi su zama 192. Furosesar tebur ba a haɗa ta haka.

Hattara da tsohuwar saba

A kasuwar kayan gwanjo akan sami kwamfuta mai tsohuwar Xeon a kan araha. Mai kanti zai ce maka ƙwaƙwalwar banki ce. Mu gwada. Xeon E5-2690 ta shekarar 2012 tana da ƙwayoyi 8 da wat 135. Core i3-12100 ta shekarar 2022 tana da ƙwayoyi 4 da wat 60. A aikin shago ƙaramar ta fi sauri, domin sabuwar ƙwaya tana gama aiki mai yawa a bugu ɗaya fiye da tsohuwa. Ga mai amfani da janareta ko sola, bambancin wutar nan kuɗi ne kullum. Bugu da ƙari, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsohuwar Xeon ɗin nan ba ta cikin jerin waɗanda aka amince wa Windows 11.

Saboda haka kafin ka biya, ka tambayi cikakken sunan furosesa da shekarar da ta fito. Ka tambayi wat nawa take ci. Sannan ka tambayi kanka: aikina rijiya ne ko gayya? Kada ka gwada gigahaz na tsohuwa da na sabuwa, ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba.

Tambayoyi

1. Faɗi sunan furosesar tebur ɗaya da ta saba ɗaya.
2. Raba 96 gida 16. Nawa ka samu?
3. Ɗebe 60 daga 135. Wat nawa mai shago zai rage?
4. Me ya sa banki ke bukatar ma'ajiyar ECC?
5. Ƙungiyar mata masu sana'ar gyaɗa na son kwamfutar ajiye lissafi. Wace iri za ka ba su shawara, kuma don me?

A rubuta amsoshi a littafi a nuna wa malamin aji. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.