Dunƙule Ƙananan Fayiloli a Tafkin Bayanai

Tafkin bayanai shi ne sunan da masana kwamfuta suka ba babbar ma'ajiyar da ake zuba bayanai iri-iri a cikinta, tun daga lissafin cinikin kamfanoni har zuwa sakamakon binciken ƙwayoyin halitta. Don sauƙaƙa nema, akan kasa tafkin kashi-kashi, galibi bisa kwanan wata, wato kowace rana da nata sashen.

To, su bayanan ba a lokaci guda suke zuwa ba. Bayan kowane 'yan mintoci na'ura takan rubuta sabon fayil ɗan ƙarami, har su taru su yi yawa. Ɗalibi ya gwada wannan lissafi: terabayit 1 na bayanai, in an rubuta shi a fayiloli masu megabayit 1, zai ba da fayil kusan miliyan 1. In kuwa kowanne megabayit 512 ne, kimanin 2,000 kawai za a samu. Buɗe kowane fayil yana da tasa ɗawainiyar, kamar mai awon da aka kawo wa gero a ƙulle-ƙulle, kwance ƙullin ya fi awon cin lokaci. Maganin shi ne a karanta ƙananan, a sake rubuta su a matsayin manya. Wannan shi ake kira dunƙulewa. Manhajar Iceberg, wadda kamfanin Netflix ya ƙirƙiro kuma ya miƙa wa gidauniyar Apache a 2018, da Delta Lake, wadda Databricks ya saki ga jama'a a 2019, duk suna da umarnin yin haka.

Sai dai ita kanta dunƙulewar takan yi nawa, har ta shafe sa'o'i, alhali ana biyan kuɗin hayar na'urori. Babban dalili, kuma mafi ban takaici, shi ne a sa na'ura ta bi tafkin gaba ɗaya, har da sassan bara waɗanda tuni aka gyara. Kamata ya yi a taƙaita aikin ga sassan da sababbin bayanai suka shiga. Bugu da ƙari, tun da kowane sashe zaman kansa yake yi, babu dalilin bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai a raba su ga na'urori da yawa su yi a tare.

Akwai kuma bambanci tsakanin tattarawa kawai da jerawa. Jera bayanai bisa tsari yana sa nema ya yi sauri daga baya, amma yana tilasta wa na'urori musayar bayanai a tsakaninsu, aiki mai nauyi ƙwarai. Saboda haka akan bar jerawa sai ga sassan da aka fi tambaya.

Wani lokaci kuma laifin na kason ne tun farko. Tafkin da aka kasa awa-awa yana da sassa 8,760 a shekara, kuma ba a haɗa fayilolin sassa biyu wuri guda. In abin da ke shiga cikin awa ɗaya bai kai cikar babban fayil ba, sai a koma kason kwana-kwana, sassan su ragu zuwa 365.