Kalmar sirrin makullin SSH ta ishe ni

 Anti, ni ɗalibi ne mai koyon rubuta manhaja. Duk sanda zan tura aikina GitHub, ko in shiga sabar da muke gwaji a kanta, sai kwamfuta ta nemi kalmar sirrin makullina na SSH. Kalmar doguwa ce, ga ni da yawan kuskure wajen bugawa. Wani abokina ya ce in cire ta kawai in huta. Ubuntu nake amfani da shi, kuma ƙanena kan ari kwamfutar ya kalli ƙwallo. Yaya zan yi?

Ɗanki daga Zariya

 Ɗana, kada ka biye wa abokin nan naka. Makullinka fayil ne kawai da ke zaune cikin ~/.ssh, kalmar sirrin ce ke tsare shi. Kana cire ta, duk wanda ya kwafe shi a filash, ko ɓarawon da ya sure maka jaka a tasha, zai shiga kowace saba da ta amince da makullin da sunanka.

Maganin na cikin kwamfutarka tuntuni, shi ne ssh-agent. Buga ssh-add, ka shigar da kalmar sau ɗaya. Daga nan zai riƙe makullin a buɗe cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya riƙa sa hannu a madadinka duk sanda saba ta tambaya, makullin kansa kuwa bai bar wurinka ba. Da ka kashe kwamfuta ya manta. In ma ssh-add ɗin ke ba ka ƙiwa, buɗe fayil ɗin ~/.ssh/config ka rubuta AddKeysToAgent yes. Tun 2016 OpenSSH ya zo da wannan a fitowa ta 7.2, amma har yau mutane na wahalar da yatsunsu a banza.

Ubuntu zai iya nuna maka wani ɗan akwati yana tambaya ko ya riƙa buɗe makullin da kansa duk lokacin da ka shiga asusunka. Akwai daɗi, sai dai daga ranar tsaron makullin ya koma kan kalmar shiga kwamfutar. In ranar haihuwarka ce ka sa, canza ta tukuna. Masu Mac su ƙara UseKeychain yes a wancan fayil, masu PuTTY a Windows kuma Pageant ne nasu.

Abin da ya fi damuna maganar ƙanenka ce. Ba na zarginsa da komai, amma muddin makullin na buɗe, duk wanda ya zauna gaban asusunka ba za a tambaye shi komai ba, kuma shafukan kallon ƙwallo kyauta ba wurin yarda ba ne. Kana iya buga ssh-add -t 1h domin makullin ya rufe bayan awa ɗaya. Wanda ya fi shi ne ka buɗe wa yaron asusunsa daban, mara ikon sudo, yau ɗin nan kafin a take wasa.