Raƙumin Dawa, Maƙwabcinmu da Ba Mu Taɓa Gani Ba

Darasinmu na wannan mako a kan raƙumin dawa ne. Da muka tambayi 'yan ajinmu, kowa ya san hotonsa a littafi, amma babu wanda ya taɓa ganinsa ido da ido. Wani ma ya rantse sai a Kenya ake samunsa. To, ba haka ba ne.

A da, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suna yawo garke-garke tun daga Senegal har Tafkin Chadi, har da arewacin Najeriya. Farauta da fari da sare daji suka kusa ƙarar da su. A 1996 guda 49 kacal suka rage, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, babban birnin Nijar. Ku duba fa, ko ɗaliban ajinmu ba su kai ba!

Gwamnatin Nijar ta tsaurara dokar hana kashe su. Manoman yankin kuma suka yi haƙuri, don dabbar nan ba ta jin kunyar shiga gona ta ci wake. A ganinmu manoman sun fi kowa ƙoƙari, wanda ya taɓa noma wake ya san zafin abin. A hankali garken ya haura 600. A 2018 aka ɗauki guda takwas a manyan motoci aka kai su dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, wadda ke iyaka da jiharmu ta wajen Jibiya.

Namiji yakan kai mita biyar a tsayi, amma ƙasusuwan wuyansa bakwai ne, daidai da namu. Mace tana ɗaukar ciki kusan wata 15, kuma a tsaye take haihuwa. Da dogon harshensa yake zare ganye daga cikin ƙaya. Abincinsa kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu: gawo da aduwa, irin waɗanda ke gonakinmu na Ɗantutture, waɗanda ake ta sarewa don itacen girki da gawayi.

Duk wanda kakansa ya taɓa ganin barewa ko gada a dajin yankin nan, ya rubuto mana labarin kafin ranar Alhamis, za mu liƙa shi a allon nan.